Tambayoyinku Kan Gyaran Tsofaffin Motoci Masu Taimako

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan dukkansu a kan tsofaffin motoci masu taimako suke, wato motocin da injinsu ke iya juya ƙafafu huɗu a lokaci guda, irin su Land Rover da Land Cruiser na da. Na zaɓi shida daga ciki, kuma na taƙaita wasu tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover Series III mai dogon shasi da injin fetur, kuma ta shekara 14 a ajiye ba a tayar da ita ba. Jikinta lafiya lau, babu tsatsa ko ɗigo, shi ya sa yayyena suka ce a kai ta wurin mai fenti, a sake kujeru, a sa sabon batir, shi ke nan. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Daga ina ya kamata mu fara?
*Daga wata mai karatu*

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Malama, rashin kwanciyar hankalin nan naki yana da tushe, domin jikin Land Rover ba shaida ba ne a kan lafiyarta. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da wannan mota a bajekolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948, ƙarfe yana da wuyar samu a Ingila saboda ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai suka ƙera gangar jikin da alminiyom, wanda ba ya yin jar tsatsa. Haka aka ci gaba da yi har zuwa Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Amma shasin da ke ɗauke da motar, da bangon da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, duka baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti kawai. Saboda haka sai a ga mota tana sheƙi daga waje alhali ƙashin bayanta ya rududduge.

Abin da za ku fara yi shi ne ku nemi bakanike mai haƙuri ya shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma da fitila. Shasin wannan mota kamar dogon akwati yake, rufaffe ta kowane gefe, don haka laka da ruwa suna shiga ta ƙananan ramuka su kwanta a ciki, tsatsa kuma ta riƙa ci daga ciki zuwa waje. Ido ba zai gane wannan ba, kunne ne zai gane: lafiyayyen ƙarfe yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, wani lokaci ma gudumar ta burma. Wuraren da suka fi mutuwa su ne ƙarfen da ya gitta a can ƙarshen baya, da hannuwan da suka fito daga gefen shasi suna tallafe da bodi, da ƙahonni biyu na gaba inda bamba da sifirin suke kamawa. A bangon inji kuma a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba inda direba da na kusa da shi ke ajiye ƙafa, da ginshiƙan da ƙofofin gaba ke rataye a jikinsu. Duk inda alminiyom ya haɗu da baƙin ƙarfe a duba ko akwai wani farin gari, ko fenti ya kumbura kamar ƙuraje, domin idan ƙarafan nan biyu suka haɗu kuma danshi ya shiga tsakani, alminiyom ne ke narkewa a hankali.

Sakamakon wannan bincike shi ne zai gaya muku girman aikin. Idan rami ɗaya ne ko biyu, gwanin walda zai yanke ruɓaɓɓen wurin har sai ya tarar da lafiyayyen ƙarfe, ya dasa sabo mai kauri ɗaya da na asali. Kada ku yarda a lulluɓe tsatsa da faci, domin tana ci gaba da ci a ƙarƙashinsa. Idan kuwa ɓarnar ta bi dogayen ƙarafan shasin biyu, shawarata ita ce a sayi sabon shasi. Akwai kamfanoni a Ingila da har yanzu suke ƙera shi a kan ma'aunin asali, suna kuma tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kusan 450, wadda ke shiga har cikin akwatin ta kare shi shekaru masu yawa. Kafin a taɓa tsohon dai, a rubuta lambar da aka buga a jikinsa, a ɗauki hotonta, a kuma bi ƙa'idar hukumar rajistar motoci game da sauya shasi, tun da da wannan lamba ce doka ta san motar.

Sai inji. Kada kowa ya sa batir ya murɗa makulli don ya ji ko za ta tashi, ko da kuwa ɗoki ya kama shi. Bayan shekara 14 duk man da ke jikin silinda ya tsiyaye, ringin fistin kan manne, fetur ɗin da ya rage a tanki kuma ya koma kamar ƙaro. A cire fulogai, a zuba ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu. Idan ya juya sumul, a zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata, a wanke tanki da kafireta, a sake tiyon fetur da na ruwa gaba ɗaya. Daga nan a buga kika ba tare da fulogai ba har sai fitilar mai ta mutu, alamar cewa mai ya kai ko'ina, kana a mayar da fulogai a tayar. Injin nan mai lita 2.25 yana da tsawon rai ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne ya tashi ya yi aiki ba tare da an buɗe shi ba.

Birki kuwa ba a gwada sa'a da shi. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, ruwan kuma ya ci silindojin birki daga ciki, don haka a sake robobi da tiyo da mai duka, a duba bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin motocin wancan zamani layin birki ɗaya ne da su, wanda ke nufin cewa idan wuri ɗaya ya fashe, ƙafafu huɗun sun rasa birki. Wanda zai buɗe kwanon birki ya jiƙa ƙurar da ke ciki ya goge, kada ya hure ta da iska, saboda tsofaffin takalman birki suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu. A kuma sani cewa birkin hannu na wannan mota farfela yake riƙewa a bayan giya, ba ƙafafu ba, don haka duk lokacin da za a ɗaga ƙafa ɗaya da jak sai an sa wa sauran waigi. Tayoyi ma a zubar da su ko da zanensu bai goge ba. Tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2310 ke nufin mako na 23 na shekarar 2010.

Fenti da kujeru su ne na ƙarshe. Ki gaya wa yayyenki cewa idan aka yi fenti yanzu, sannan aka gano shasi na bukatar canji, sai an sauke bodin gaba ɗaya, sabon fentin ya kuje, an yi tufka da warwara ke nan. Abu ɗaya da zan roƙe ki, tun da ga alama ke ce mai natsuwar gidan, shi ne ki tabbatar ana ɗaukar hoton kowane sashe kafin a kwance shi, ana kuma zuba notocinsa a leda ɗaya da takarda mai sunan wurin da suka fito. Motocin da aka kwance aka kasa haɗawa, yawancinsu a nan aka yi sakaci.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da Toyota Land Cruiser FJ40. Sau biyu ina odar famfon ruwa da silindojin birki, duk suna zuwa ba su hau ba, alhali mai sayarwa ya rubuta cewa na FJ40 ne. Kuma abu ɗaya sai in gan shi da farashi iri uku. Yaya zan gane wanda ya dace da motata, kuma wanne ne na gaske?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Malam, mai yiwuwa mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba. Matsalar ita ce sunan FJ40 ya tattara motoci masu yawa da suka yi kama a fuska amma suka bambanta a ciki. Toyota ta ƙera wannan jeri daga 1960 zuwa 1984, wato shekara 24, kuma tana ta sauye-sauye a tsawon lokacin. Harafin farko yana nuna inji: F na fetur ne mai silinda shida, B dizal mai silinda huɗu, H kuma dizal mai silinda shida. Lambar ƙarshe tana nuna tsawo, 40 gajera, 43 matsakaiciya, 45 doguwa. Ko a cikin FJ40 ɗin kanta, injin F mai lita 3.9 ya ba da wuri ga 2F mai lita 4.2 a 1975, giya uku ta koma huɗu a tsakiyar shekarun 1970, wasu kasuwanni sun samu birkin faifai a gaba tun a wancan lokaci yayin da wasu suka ci gaba da birkin kwano, sannan a 1979 aka ɗauke tankin mai daga ƙarƙashin kujera aka mayar da shi ƙarƙashin bodi. Motar da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Ostareliya ko Gabas ta Tsakiya a shekara ɗaya ma ba lalle kayansu su zo ɗaya ba. Ƙari a kan haka, a Burazil an ci gaba da ƙera wannan siffa da sunan Bandeirante har 2001, shekaru da dama da injin Mercedes-Benz, don haka kayanta ba su ne naka ba ko da hoton ya yi kama.

Maganin wannan shi ne ka daina saye da suna, ka koma saye da lamba. Ka nemi lambar da aka buga a jikin shasi ta ɓangaren gaba, da ƙaramin allon ƙarfe da ke ɗauke da cikakken samfurin motar, da lambar da ke jikin inji. Ka kwatanta su, domin motar da ta haura shekara 40 da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ko aksul ba, kuma idan injin 2F ne a cikin shasin 1972, famfon ruwan da ka saya bisa shekarar takarda ba zai hau ba har abada. Kundin kayan gyara na Toyota an tsara shi ne bisa wata da shekarar ƙira, kuma kowane abu yana da lamba mai alƙaluma goma, biyar kafin karan ɗori, biyar bayansa. Da wannan lamba za ka yi oda. Silindojin birkin kwano na gaba kuma guda biyu ne a kowace ƙafa, na dama daban da na hagu, don haka ka lura da gurbin kowanne. Idan da hali, ka ajiye tsohon abin kusa da kai, ka auna tazarar ramukansa da kaurin zarensa, ka tura wa mai sayarwa hoto kafin ka biya.

Game da farashi uku, bayaninsa ba shi da wuya. Mafi tsada shi ne wanda ke cikin kwalin kamfanin motar. Na tsakiya shi ne wanda masana'antar da ke yi wa kamfanin aiki ta sayar da sunanta, kamar Aisin a famfon ruwa da kuloci, Denso a kayan lantarki, Koyo a boris, kuma sau da yawa abu ɗaya ne da na farko, kwali ne kawai ya bambanta. Mafi araha shi ne kwaikwayo, wanda a cikinsa akwai mai kyau, akwai kuma wanda bai kai kuɗin dakonsa ba. Ra'ayina shi ne na tsakiyan ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Kwaikwayo ba laifi ba ne a murfin fitila, madubi, marikin ƙofa da makamantansu, inda idan abu ya lalace takaici kawai za a sha. Amma a birki, sitiyari, boris na ƙafa, da duk wani sil ko gasket da sai an sauke giya ko an buɗe inji kafin a kai gare shi, araha ba ta ado. Na taɓa sa wani sil mai araha a bayan kiranshaf don ƙyashin jiran na ƙwarai, bai yi wata biyu ba ya fara zubar da mai a kan kuloci, na sake sauke giya, na kuma sayi sabon faifan kuloci a kan wanda bai tsufa ba.

Akwai kuma jabu, wanda ya bambanta da kwaikwayo domin shi a kwalin asali yake zuwa da tambarin ƙarya. Alamominsa su ne rubutu mai dishi-dishi, nauyin da bai kai na tsohon ba, gefunan da ba a goge ba, da farashin da ya yi ƙasa da hankali.

Kayan da aka ƙera tun zamanin motar amma ba a taɓa amfani da su ba, waɗanda ake tsinta a tsofaffin rumbunan dillalai, dukiya ce idan na ƙarfe ne, kamar haƙoran giya ko kafireta. Idan na roba ne kuwa ka bar su, domin roba tana tsufa ko tana cikin leda. Na hannu da aka ciro daga wata motar sun fi dacewa a manyan ƙarafa kamar gidan aksul, akwatin taimako, ƙofa da bonet. Kada kuma ka yi saurin jefar da abin asali. Kafireta, kika, caja da akwatin sitiyari na wancan zamani an yi su ne don a buɗe a gyara, kuma gyararren na asali yakan fi sabon kwaikwayo daɗewa. Wani abin farin ciki ga masu irin motarka shi ne a 2021, lokacin da Land Cruiser ta cika shekara 70, Toyota ta sanar da cewa za ta sake ƙera wasu muhimman kayan jerin 40 a ƙarƙashin shirinta na GR Heritage Parts, don haka yana da kyau ka tambayi dillalin kamfanin da lambar abin kafin ka yanke ƙauna.

Tambaya: Malam, na sa taimako a Land Rover Series IIA tawa saboda ruwan sama, na yi tafiya mai nisa a kan kwalta. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kwana, kuma da na tsaya sandar taimakon ta ƙi fita. Me na ɓata?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Ina fata ba ka ɓata komai ba tukuna, amma ka kusa. Duk lokacin da mota ta sha kwana, ƙafafun gaba suna bin hanya mafi tsawo fiye da na baya. A motarka babu abin da ke raba wannan bambanci tsakanin farfelar gaba da ta baya, idan aka sa taimako an ɗaure su ne su juya daidai wa daida. A kan yashi ko laka taya tana ɗan zamewa ta sauke bambancin, a kan kwalta kuwa babu zamewa, ko da an yi ruwa, sai ƙarfin ya taru a cikin farfela da haƙoran giya kamar igiyar da ake murɗawa. Wannan matsi ne ya danne sandar. Ka ja da baya a miƙe na 'yan mitoci, ko ka sauke ƙafafu biyu a kan ƙasa mai laushi, sannan ka tsaya ka ja jar sandar akwatin taimako baya ka mayar da ita gaba, za ka ga ƙulli mai ruwan ɗorawa da ka danna don sa taimako ya taso da kansa. Idan ya ƙi, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak, amma kowa ya janye hannunsa domin tayar za ta fizga.

Motocin da ke tafiya da ƙafa huɗu kullum, kamar Range Rover tun fitowarta a 1970 da kuma Defender, suna da na'urar raba juyi a tsakiya, shi ya sa kwalta ba ta damunsu sai an kulle ta. Taka ba haka take ba. Ka kuma tabbatar tayoyinka huɗu girmansu ɗaya, domin bambancin girma yana haifar da wannan matsi ko a miƙaƙƙiyar hanya. Idan an sa wa ƙafafun gabanka makullan da ake murɗawa da hannu, ka riƙa kulle su kana tafiyar 'yan kilomitoci a kowane wata ba tare da ka sa taimako ba, domin juyin ƙarfen ciki ne ke watsa mai zuwa sama. Kada kuma ka shiga ƙaramar giya suna buɗe, saboda duk ƙarfin zai tafi ga sandunan aksul na baya, waɗanda dama su ne raunin wannan mota.

Tambaya: Ranka ya daɗe, injin dizal na Land Rover tawa mai gajeren shasi ba ya gudu, ga hayaƙi. Abokaina sun ce in cire shi in sa injin 200Tdi. Mene ne ra'ayinka?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Rashin gudu halinsa ne, domin dizal mai lita 2.25 ƙarfin doki 62 kacal aka ba shi tun yana sabo. Hayaƙi kuwa ba hali ba ne, ciwo ne, kuma sau da yawa mai sauƙin magani. Kacar da ke haɗa kiranshaf da kamshaf tana miƙewa da tsufa, lokacin fesa mai ya koma baya, sai fari ko shuɗin hayaƙi ya biyo. A gwada nozul a kan na'ura, a saita famfon dizal, a duba tazarar bawul, a auna matsin kowace silinda. Idan matsin ya yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injin yana da sauran rai.

Shi 200Tdi, wanda ya fara fitowa a motar Land Rover Discovery a 1989, inji ne nagari, ba na musu, kuma ƙarfinsa ya haura doki 100. Sai dai abokanka sun gaya maka rabin labari. Giyar motarka da sandunan aksul ɗinta da birkin kwanonta an auna su ne da ƙarfin tsohon inji. Idan ka ɗora musu kusan ninki biyu, sai ka koyi taka totur a hankali ko ka saba da sayen sandar aksul. Gudun ma ba zai ƙaru yadda kake zato ba, domin haƙoran aksul ɗinka masu 4.7 ne, an yi su don ja, inji zai kai ƙarshen juyinsa yana ihu motar ba ta yi nisa ba. Sai ka ƙara giyar sauƙaƙa juyi irin ta Fairey, ko ka koma haƙoran 3.54 na Range Rover, sannan ga lagireto, salansa, mazaunin inji da wurin batir, duk sai an taɓa. Idan motar ta aikin yau da kullum ce a doguwar hanya, canjin yana da hujja, muddin an fara da inganta birki. Idan kuwa don tarihinta kake riƙe da ita, ka gyara nata, domin masu sha'awar irin waɗannan motoci sun fi daraja wadda lambar injinta ta dace da rajistar masana'anta, kuma gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana ba da takardar shaida daga wannan rajista. Ko ka canza ɗin, kada ka sayar da tsohon injin. Ka zuba masa mai, ka toshe ramukansa, ka ajiye shi a busasshen wuri, ka kuma sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora sabuwar lambar.

Tambaya: Malam, wani baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya a bayan ƙafar gaba ta Land Cruiser 60 tawa. Na ƙara giris amma bai daina ba.
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Ƙarin giris ba zai tsayar da shi ba. A aksul ɗin gaba na motarka akwai ɗakuna biyu da bai kamata su haɗu ba: tsakiya inda man giya yake, da ƙwallon da ke kusa da ƙafa inda gaɓar da ke juya taya take iyo cikin giris. Sil ɗaya ne ya raba su. Idan ya mutu, man giya ya malalo ya narkar da giris, cakuɗar ta fito ta bayan ƙwallon, aksul kuma yana ƙarewa da mai ba ka sani ba. Ka fara duba ƙaramin bututun numfashi da ke saman aksul, domin idan laka ta toshe shi, zafi yana tara iska a ciki ta tura mai ta sil. Aikin na kwance ƙafar ne gaba ɗaya, don haka a sayi cikakken saiti mai sil, gasket, shafaffun gefe da boris na sama da ƙasa, a yi ɓangarorin biyu rana ɗaya. Siraran ƙarafan saiti da ke ƙarƙashin murafun sama da ƙasa a mayar da kowanne inda ya fito, in ba haka ba sandar ba za ta zauna a tsakiya ba, sabon sil ɗin ma ya mutu. Idan man ya taɓa takalman birki, a sake su, wanki ba ya fitar da shi. Man da ya fito fari kamar madara kuma alama ce ta ruwa ya shiga, sai a duba na giya da na akwatin taimako ma.

Tambaya: Ranka ya daɗe, sifanonina ba sa kama notocin tsohuwar Land Rover da na saya, wani ya yi yawa, wani ya yi kaɗan. Ko an canza notocin ne?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Ba lalle ba ne. Motocin farko an ɗaure su ne da notoci masu ma'aunin Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841, da ɗan'uwansa BSF. Daga baya aka koma UNF mai sifanan inci, amma giya ta riƙe tsohon ma'auni shekaru da yawa, sai wajen 1980 aka fara shigo da na milimita. Mota ɗaya tana iya ɗauke da ukun, don haka sai ka mallaki saiti uku, kuma kada ka tilasta sifanan da ya yi sako-sako, zai cinye kan notin. Inda haɗarin yake shi ne bakin bututun birki: zaren inci uku bisa takwas da na milimita 10 suna shiga juna su yi kamar sun kama, sai an taka birki da ƙarfi su ƙwace. Kafin ka sa batir kuma ka duba wace waya ce ta tafi jikin shasi, domin Land Rover da aka ƙera kafin 1967 wayar mai alamar tarawa ce ke zuwa jiki, sai dai idan wani ya riga ya juya tsarin, kuma rediyo ko cajar zamani da aka haɗa a kan tsohon tsari nan take za ta ƙone.